Sandar Gidan Nomau

Wa ya yi wannan tambaya? Kai ne, Dogara? Ɗago kai in gan ka. Wato tunda ni ina iya faɗa muku abin da ke cikin Maganar Allah da ka, ku ba sai kun wahala kun koyi karanta ta ba. Haka ka ce ko ba haka ba? Yaro da idanunsa biyu garau, an sa shi makaranta, yana so tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta zama masa littafi. Ƙoshi ne ya yi maka yawa. Rahila, janye ƙafarki daga tabarmata. Ku zauna, zan ba ku misali, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Akwai wani mutum kafinta, sunansa Habila, a wani gari da ke bakin rafi. Kafinta ne ɗan kafinta, jikan kafinta. Wanda ya kawo sana'ar gidan shi ne kakan ubansa, ana ce masa Nomau. Shi Nomau da fari masassaƙi ne, turmi da taɓarya da ƙotar fartanya yake yi. Da aka zo gina majami'a a garin, sai ya riƙa tsayawa kusa da masu aikin katako yana kallo, har hannunsa ya kama, ya ajiye gizago ya ɗauki zarto. Daga nan babu ƙyauren da aka rataya a garin, babu benci, babu gado, babu taga, sai daga rumfarsa ya fito. Idan kuma an yi rasuwa, wurinsa ake zuwa a yi akwati.

To, akwai abin da Nomau ya ƙi jini, wato a ɗora igiya a kan mamaci a auna shi. Yakan ce mutum ba katako ba ne. Saboda haka ya nemi icen ƙirya, wanda gara ba ta ci, ya sassaƙa sanda miƙaƙƙiya. Ya tsayar da mutumin da ya fi kowa tsawo a garin, ya sa sandar ta wuce kansa da sarari. Ya ce, "Wannan ita ce tsawon akwati a gidan nan. Dogo ya kwanta ya miƙe, gajere ya sami fili. Kada wanda ya taɓa gawa da ma'auni."

Abu ne mai kyau, da kyakkyawar zuciya kuma ya yi shi.

Da ya tsufa, ya kwantar da sandarsa a kan sabon ice, ya yanko wa ɗansa Jatau irinta, ya ce tasa a sa masa ita cikin akwati ranar da ya tafi. Haka aka yi, ya kuma zama al'adar gidan. Uba ya yanko wa ɗa, tsohuwar sanda ta bi mai ita kabari. Jatau ya yanko wa Irmiya, Irmiya ya yanko wa Habila.

Amma sanda a hannun namiji ba ta zama wuri ɗaya. Da ita ake korar akuya daga rumfa, da ita ake dogarawa a tafi kasuwa, da ita ake bugun ƙasa idan gardama ta yi zafi. Bakinta ya tsage, mai ita ya ga ba kyan gani, ya sa zarto ya datse ɗan kaɗan ya gyara. Ɗan kaɗan ne, bai kai faɗin yatsa ba. Bayan wasu shekaru ta sake tsagewa, ya sake gyarawa. Ranar da za a yanko wa ɗa, zarto ma ya ci nasa rabo. Ba wanda ya yi da mugunta. Ba wanda ma ya san ya yi wani abu.

A zamanin Irmiya aka fara cewa mutanen yanzu sun cika tsawo. Da fari kan mamaci ake ɗan karkatarwa. Daga baya ya zama sai an ɗan tanƙwara gwiwa, a ja mayafi a rufe, kada mata su gani. Akwai wani dattijo mai suna Barau, shi ne ke shirya gawar maza a garin. Shi ya fi kowa sanin yadda ake kwantar da mutane, amma bai taɓa duban sanda ba. Gawar yake duba, ya girgiza kai ya ce, "Yaran zamani, sai tsawo kamar dawa."

Ana nan, Irmiya ya rasu. Dogon mutum ne, ɗansa Habila ma tsawonsa ya ɗauko. Habila ya fito da katakon maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, ya auna da sandarsa, ya yi wa ubansa akwatin da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. Aka kai ɗaki, shi da Barau suka ɗaga tsohon suka sa. Ƙafafu suka ƙi shiga.

Barau ya ce, "Tanƙwara gwiwar, ɗan Irmiya."

Habila ya tanƙwara. Ƙafafun suka shiga, amma gwiwoyin suka taso sama da bakin akwati. Ya ɗora murfi, murfi ya ƙi zama. A waje mata suna waƙa, ana jira. Barau ya juya ya dubi bango. Sai Habila ya hau da gwiwarsa ya danna murfin, yana dannawa yana buga ƙusa. Ta cikin katakon yana jin gwiwar ubansa tana tokare da tasa, har ya gama.

Aka binne, aka yi zaman makoki, aka watse. Habila ya koma rumfa.

Ranar da ya koma, yana goge wani ƙyaure da hantsi, rana a kan kowa, kaji suna tono a gefensa, sai ya ji ƙwas, ƙwas. Ƙara ce irin ta abin da ke buga katako daga ciki. Ya ɗaga ƙyauren ya duba, ba komai. Ya ci gaba da aiki, ya sake ji. Ya bar ƙyauren ya koma kan benci, ƙarar ta bi shi can. Duk katakon da ya ɗora wa hannu, sai ya ji ana tokare shi daga ƙasa, a hankali, kamar mai neman wuri ya miƙe.

Ya kira matarsa Tabita ya ce, "Tsaya nan ki saurara."

Ta tsaya da ludayi a hannu. Ta ce, "Me zan ji? Akuyar maƙwabta ce kawai nake ji."

Ya ce, "Je ki."

Bai sake faɗa wa kowa ba. Haka ya zauna da abin, rani da damina. A majami'a ma bai tsira ba, don bencin da yake zama a kai daga rumfarsu ya fito. Ana wa'azi, yana jin ana bugun ƙarƙashinsa. Ya rame, ya rage magana, amma aiki bai tsaya ba. Duk wanda ya mutu a garin, Habila ya ɗauko sanda ya auna katako, Barau ya tanƙwara gwiwa.

Sai wata damina ta zo da ƙarfi. Rafi ya cika ya ci gaɓarsa, ya zaga ta tsohuwar maƙabarta ya zaftare gefe guda. Da gari ya waye, masu zuwa gona suka ga kabari ɗaya a buɗe a jikin gaɓa. Dattawa suka taru, suka gane na Nomau ne, aka aika wa Habila.

Ya zo ya sauka cikin laka. Katakon akwatin ya daɗe da ruɓewa, ruwa ya tafi da sauran. Ƙasusuwa ne kawai, aka tattara su cikin farin zane. Amma a gefensu ga sanda kwance, baƙa wuluk, miƙaƙƙiya, ko ƙwarzane babu, kamar jiya aka sa ta. Ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Habila ya sunkuya ya ɗauka, ya ji ta yi masa nauyi a hannu fiye da tasa.

Barau ya ce, "Ka yi wa kakanka sabon akwati, da yamma mu mai da shi can kan tudu."

Habila ya ce, "Bari in tafi da sandar in wanke mata laka."

Ya kai ta rumfa ya wanke. Da ya zo ajiyewa, sai ya kwantar da ita a kan teburin aiki, kusa da tasa. Ba da niyyar gwadawa ya yi ba, wurin ne kawai babu kaya. Ya daidaita gindinsu da hannu, kamar yadda kafinta yakan yi wa kowane ice biyu ba tare da ya yi tunani ba. Sa'an nan ya dubi ɗaya bakin.

Sandar Nomau ta wuce tasa da taƙi guda har da ɗoriya.

Ya juya su, ya sake daidaitawa ta ɗaya gefen. Haka dai. A lokacin ƙarar ta taso masa daga ko'ina, daga tebur, daga katakon da ke jingine, daga ginshiƙin rumfa, kamar dukan waɗanda gidansu ya kwantar suna buga murfi tare.

Tabita ta shigo da ruwan sha ta same shi tsaye. Ta dubi tebur. Mace ce mai auna hatsi kullum, ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta ajiye kwanon a ƙasa.

Ta ce, "Ashe ba mutane ne suka yi tsawo ba."

Ya ci gaba da kallon sandunan.

Ta ce, "Baban Yunana, ɗauki su biyun ka kai wa dattawa yanzu, tun rana ba ta karkata ba. Ka yanko sabuwa daga ta Kaka. Shi ke nan an gyara."

Ya ce, "An gyara wa wa? Waɗanda ke ƙasa fa? Nuna mini gida ɗaya a garin nan da ba shi da mutum kwance a tanƙware. In je in ce musu me? In ce uwarka, ubanka, ɗanki, mu muka naɗe su kamar tabarma?"

Ta ce, "Ba kai ka fara ba. Ba ka sani ba."

Ya ce, "Ni na hau kan Baba da gwiwata."

Ba ta taɓa jin wannan ba. Can ta ce, "To, shi ya wuce. Saura masu rai. Za su yi fushi, za su huce."

Ya ce, "Za su kai aikinsu wani gari. Sunan da aka gina tun daga Nomau, a hannuna zai mutu? Me zan bar wa Yunana?"

Ta ce, "Ka bar masa sanda mai tsawo."

Sai ya miƙa hannu ya ɗauki zarto. Tabita ta ɗauka sabon ice zai nema. Ta ga ya ja layi a kan sandar Nomau, daidai inda tasa ta ƙare.

Ta ce, "Kada ka yi."

Ya ce, "Fita ki ba ni wuri."

Ba ta fita ba, ta tsaya tana kallo. Ƙirya ce da ta sha shekaru a ƙasa, ta yi tauri kamar ƙarfe. Zarto yana zamewa, haƙoransa suna dakushewa, gumi yana zuba a kan tebur. Duk jan da ya yi, ƙarar tana ƙaruwa a kunnensa. Ya cije ya ci gaba. Da guntun ya faɗi ƙasa, sai komai ya yi tsit.

Ya tsaya yana saurare. Ya ɗora tafin hannu a kan tebur, ba komai. Ya taɓa ƙyaure, ya taɓa benci. Katako ya koma katako. Ya ja numfashi irin wanda ya daɗe bai ja ba, ya ce, "Kin gani? Ya daina."

Ta ce, "Me ya daina?"

Ya shafa wa sabon yankan laka da toka har ya yi kama da tsoho. Guntun kuma ya kai murhu ya tura cikin wuta. Tabita ta sauke tukunyarta, ta ce ba za ta ciyar da 'ya'yanta tuwon da aka dafa da wannan ice ba. Ranar a gidan maƙwabta ta yi girki.

Da yamma gari ya taru a kan tudu. Kafin a rufe sabon akwatin, Habila ya ce a dakata. Ya kwantar da sandunan biyu a ƙasa a gaban jama'a, ya daidaita su. Kai da kai, gindi da gindi, ko gashi ba ya shiga tsakani. Ɗansa Yunana, wanda a lokacin ya fara riƙe zarto, yana tsaye yana gani.

Barau ya ce, "Kun gani ko? Tun daga Nomau har yau, ko ƙwayar gero ba ta ragu ba. Na faɗa muku mutane ne. Takin zamanin nan da ake zuba wa hatsi, shi yake fita a ƙafafun yara."

Aka yi dariya kaɗan, aka sa wa gidan albarka, aka mai da sandar Nomau ƙasa. Tabita tana can baya cikin mata, ba ta ce uffan ba. Mijinta ne, ba za ta tona shi a gaban gari ba. Amma daga ranar ba ta ƙara taka rumfar ba, ko ruwa yara take ba su kai.

Sunan gidan ya ƙara girma. Har daga wasu garuruwa ake zuwa, ana cewa ga gidan da ma'auninsu bai taɓa motsi ba. Habila ya yi ƙiba, ya zama dattijo a majami'a, yana zama a bencin gaba, ba ya jin komai. Da lokaci ya yi, ya yanko wa Yunana sanda daga tasa. Tabita ta riga shi tafiya. Ita gajeruwa ce, ta kwanta a miƙe.

Daga baya ciwo ya kwantar da Habila, kowa ya ga ba na tashi ba ne. Wata rana da azahar yana kwance a ɗaki, sai ya ji ana jan katako a rumfa. Ya san wannan ƙara, maɗaci ne busasshe, irin wanda ɗa yake ɓoye wa ubansa. Ya dubi ƙafafunsa can a ƙarshen gado. Ya sa aka kira Yunana.

Ya ce, "Idan za ka yanka, ka ƙara taƙi guda a kan sandar. Ka ƙara har da ɗoriya."

Yunana ya durƙusa ya ce, "Baba, a gidan nan ba a ƙari, ba a ragi. Kai ka koya mini."

Ya ce, "Sandar gajeruwa ce."

"Wace sanda, Baba? Da idona na ga ka gwada taka da ta Kaka Nomau a gaban gari."

"Na datse ta. Ni na datse ta Kaka da zarto kafin in kawo. Tambayi uwarka."

Yunana ya taɓa goshin ubansa, ya ji zafi. Ya leƙa waje ya ce wa matarsa, "Kawo ruwa, zazzaɓin ya hau kansa. Har yana cewa in tambayi Mama."

Habila ya kama hannunsa ya ce, "A tono ta a duba bakin."

Yunana ya ce, "To, Baba, za a tono. Kwanta ka huta." Ya gyara masa mayafi da ladabi, don yaro ne mai biyayya, ya koma rumfa. Jim kaɗan zarto ya fara.

Habila ya kasa kunne ko zai ji bugun nan na dā, ko ɗansa ma zai ji ya tsaya. Babu komai sai zarto. Da aka shigo da ruwan, an same shi ya juya ya dubi bango, ya ja gwiwoyinsa sama da kansa. Suka yi, suka yi ya miƙe, ya ƙi. Ya ce, "Ku bar ni haka. Kada yaron ya sha wahalar murfi."

To, ma'anar wannan misali ita ce, tunda ku sai an tauna muku. Sandar Nomau ita ce Maganar Allah yadda aka ba da ita, mai tsawo, mai fili, wadda aka yi domin mutum ya miƙe. Sauran sandunan su ne abin da kowa ya ji daga bakin na gabansa. Uwa ta faɗa wa 'ya, 'ya ta faɗa wa tata. Wani wuri ya yi kaushi a baki, a ɗan datse. Wani ya hana ciniki, ko ya hana fushi da maƙwabci, a ɗan gyara. Ba mugaye ne suke yi ba, mutanen kirki ne masu son abu ya yi kyan gani. Ranar da abu ya ƙi shiga, sai a ce duniya ce ta lalace, yara ne suka canza, a kama mutum a tanƙwara.

Jatau da Irmiya ba su sani ba, Allah ne zai yi musu shari'a, ba ni ba. Amma Habila an fito masa da gaskiya daga ƙasa, an ɗora masa a kan tebur. Abin da ya rage masa shi ne ya ji kunya ta wuni ɗaya. Ya zaɓi ya yanke gaskiyar ta dawo daidai da shi. Kuma ku lura, bugun nan da yake ji ba shi ne abin tsoro ba. Muddin zuciyarka tana bugunka, ba a rabu da kai ba tukuna. Ranar da ka yi abin da ka san ba daidai ba ne, ka saurara ka ji tsit, har ka ji daɗi, ranar ce za ka ji tsoro.

Ni abin da nake faɗa muku, daga bakin uwata na ji, ita kuma daga bakin mai bishara. Na riƙe shi da kyau, babu mai cewa ban riƙe ba. Ban san na rage komai ba. Amma Jatau ma da ka tambaye shi, haka zai ce maka. Saboda haka, Dogara, gobe kana dawowa daga makaranta za ka wanke hannu, ka ɗauko Littafin, ka zauna nan ka karanta mini da ƙarfi. Inda ya yi daidai da nawa, mu gode wa Allah. Inda ya fi nawa tsawo, ka faɗa mini a fuskata, kada ka yi tsalle ka wuce don kana tsoron bakina.

Yanzu ku tashi. Rahila, rufe kajin nan, ki juye ruwan da ke bokiti cikin randa. Wanda ya sake yi mini tambaya yau, shi zai share tsakar gida da safe. Ku wuce ku kwanta.